Takarda, Waya ko Sauti: Ina Marubucin Abuja Zai Zuba Kuɗinsa?

Marubucin da ya kammala labarinsa a Abuja, babu kamfanin ɗab'i a bayansa, hanyoyi uku ne a gabansa, kuma ba kuɗi ɗaya suke ci ba.

Bugun takarda shi ne burin kowa, shi ne kuma mai kwashe jari. Yawancin takardar da madaba'u ke aiki da ita daga waje take zuwa, shi ya sa da dala ta motsa kuɗin bugu ke bin ta. Bugun faranti, wato na manyan injinan madaba'a (offset), ba ya araha sai an buga da yawa, kamar kwafi 1,000. Bugun dijital kuwa ana iya tsayawa a 50 ko 100, sai dai kowane kwafi ya fi tsada. Ga sabon marubuci, na biyun nake zaɓa masa ba tare da jinkiri ba, domin Abuja ba Kano ba ce. A Kano akwai dillalan littattafan Hausa a Sabon Gari da suka daɗe da sanin masu saye. A nan masu karatunmu a warwatse suke, daga Kubwa zuwa Nyanya, daga Gwagwalada zuwa Mararaba, shagunan littattafai na cikin gari kuma na Turanci suka fi ajiyewa. Ko dillali ya karɓa, bashi yake karɓa, sai ya sayar ya biya. Katan-katan na littafi a ɗakin haya abin tausayi ne.

Kafin ka biya, ka nemi a buga maka samfuri guda ka karanta shi tsaf. Mai tsara shafuka sau da yawa ba Bahaushe ba ne, sai ka tarar ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace ko sun koma akwatuna. Lambar ISBN kuma, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake samunta, hedikwatarsa na nan Abuja, kuma dokar 1970 ta wajabta wa mai bugu ajiye kwafi uku a can.

Waya ita ce mafi sauƙin shiga. Ka saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Telegram ko Wattpad, wanda labarin ya kama shi ya tura kuɗi a saka shi a guruf. Kuɗin na zuwa hannunka kai tsaye, kuma cikin makonni za ka gane ko labarin ya karɓu. Ciwonta sata: mutum ɗaya ya biya, ya watsa wa ɗari. Manhajoji irin su ArewaBooks na rage wannan saboda a cikinsu ake karatu, amma suna cire kasonsu. Kada kuma ka bar littafinka a wuri guda. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023, wanda ya adana nasa kwafin da lambobin masu karatunsa shi ya ci gaba da ciniki. Amazon na biyan har kashi 70 a kan littafin karantawa a waya da farashinsa ke tsakanin dala 2.99 da 9.99, amma mai karatun Hausa da naira yake saye, ta tura kuɗi a banki.

Sauti, wato a karanta littafi a naɗa don masu sauraro, shi ne inda aka fi cutar marubuta, kuma abin yana damuna. Masu tashoshin YouTube kan sayi labari da kuɗi ƙalilan sau ɗaya, su yi ta cin moriyarsa shekara da shekaru. Buɗe tashar kanka ba wasa ba ne, don sai ka tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara kafin kuɗin talla ya fara shigowa. Idan za ka ba wa wani, ka ba shi izinin sauti kawai, na ƙayyadadden lokaci, a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da mallaka wa wani aiki da fatar baki ba.

Shawarata: ka fara da waya. In masu biya sun taru, ka buga kwafi 100 da kuɗinsu, ka kai zaman karatu na ƙungiyar marubuta ta ANA a ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa da ke Mpape, ragowar ka aika wa waɗanda suka riga suka biya ta motar tasha.