Motar Richard Petty mai lamba 43 ko ta Jimmie Johnson mai lamba 48?

Malam, ka ɗauki ta Petty. Dukkansu ƙananan motocin ado na taɓa saya, kuma tambayarka ta ko cin kofin NASCAR, wato gasar tseren motoci ta Amurka, sau bakwai kamar yadda su biyun suka yi, yana mayar da direba gidan sarauta, a kan kantata na samu amsarta.

Ta Petty shuɗiya ce, irin shuɗin nan da har aka laƙaba masa sunan gidansu, da tambarin STP, kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, a kanta. A gidan tarihinsu na Level Cross, a jihar North Carolina, na saye ta. Na je ne da ɗana, yana ɗan shekara tara a lokacin. Muna cikin zagayawa sai ya tsaya gaban hotuna ya ce, “Baba, duk waɗannan ’yan gida ɗaya ne?” Wallahi tambayar ta shige ni, domin abin da ke wurin ke nan. Uban, Lee Petty, ya ci kofin sau uku, a 1954, 1958 da 1959, kuma shi ya lashe Daytona 500 na farko a 1959, wato tseren da ya fi kowanne girma a gasar. Ɗansa Richard, wanda ake wa laƙabi da Sarki, ya ci kofi bakwai tsakanin 1964 da 1979, ya lashe tsere 200, a 1967 kaɗai ya ci 27, goma daga ciki a jere. Ƙaninsa Maurice ne ke haɗa masa inji, ɗan’uwansu Dale Inman ne shugaban makanikai. Kyle, ɗan Richard, ya karɓa ya ci tsere takwas. Sai ɗan Kyle, Adam, wanda ya rasu a 2000 yana gwajin mota a filin tsere na jihar New Hampshire, yana da shekara 19. Uba, ɗa, jika, tattaɓa-kunne, duk a garejin da ke bayan gida ɗaya. Har yau idan baƙo ya shigo falona, wannan motar yake fara ɗagawa.

Ta Johnson kuwa tana cikin kwali. Ba na raina mutumin: kofi biyar a jere daga 2006 zuwa 2010 babu wanda ya taɓa yi, ya ƙara 2013 da 2016. Amma gwani ne da ya yi zamaninsa, bai gāda ba, ba a kuma gāje shi ba. In ana neman gidan da ya daɗe yana mulki a labarinsa, kamfanin Hendrick da ya yi wa tuƙi ne, wanda ya ci da Jeff Gordon kafin shi, ya kuma ci da Chase Elliott da Kyle Larson bayan ya daina cin kofi. Sarautar ta garejin ce.

Na san wani zai kawo Dale Earnhardt, shi ma bakwai gare shi, kuma gidansa ya fi kusa da na Petty, tunda mahaifinsa Ralph direba ne, ɗansa Dale ƙarami ya ci Daytona 500 sau biyu. Amma babban kofin bai taɓa fita daga hannun mutum ɗaya a gidan ba.

Ba ka tambaye ni ba, amma ka yi hattara da ’yan damfara. Ta Johnson ɗin a intanet na saye ta wurin wani da ya rantse sa hannun da ke kan gilashin na direban ne. Na ninka kuɗi saboda haka. Da ta iso, na goga yatsa sai tawadar ta biyo ni, mutumin kuma ya rufe shafinsa. Kada ka biya ko sisi don sa hannu sai da takardar shaida. Ka ce a ɗauko maka hoton ƙarƙashin motar da na kwalinta na asali, ka tabbatar ta ƙarfe ce mai nauyi, ba roba da aka fesa wa fenti ba. Duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi kai tsaye kafin ka ga hoto, rabu da shi.

Ka nemi 43 mai girman 1:24, wato kashi ɗaya cikin 24 na tsawon motar gaske, ita ta fi fito da zanen jikinta. In kuɗi ya rage, ka haɗa da ta Lee mai lamba 42, ka jera su gefe da gefe.