Ragar waya a gefen tsohuwar katangar dutse, bayan damina guda

Lambuna a bayan gida yake, a gefen Bukuru, kuma iyakarsa ta gabas wata tsohuwar katangar dutse ce da muka tarar a wurin. Manyan unguwa sun ce tun zamanin haƙar kuza take. Babu siminti a jikinta ko kaɗan, duwatsu ne aka ɗora wani kan wani, aka cusa ƙanana a tsakani. Wani wurin ta kai ƙirjina, wani wurin ko gwiwa ba ta kai ba, ga ta ta yi ciki a tsakiya, ga gangara. Awakin maƙwabta ba su taɓa ɗaukarta katanga ba, matakala ce a wurinsu. Bara da hantsi ɗaya suka aske min kabeji kunya huɗu, shi ne na ce a kai kasuwa.

Da farko na so in kafa katako, har na je kasuwar Katako a Jos na taya. Sai na tuna gara, da kuma ruwan Jos da ke farawa tun Afrilu bai ɗauke ba sai Oktoba. Na koma kan ragar waya mai rufin koriyar roba, tsayinta ƙafa biyar, da turakun ƙarfe. Tsawon wurin mita 30 ne da ɗan ɗoriya.

Ita ragar ba ni da ta cewa a kanta. Ta sha damina guda cur, ta sha sanyin hunturu, robar ba ta tsage ba, launin ma bai koɗe ba. Tsatsa na gani kawai a bakin da aka yanka da filaya, inda ƙarfen ya fito tsirara, na bi na ɗiga masa fenti. Shawara ɗaya ga mai saye: ka sa a ɓare maka robar a bakin waya ɗaya ka ga kaurin ƙarfen da ke ciki. Akwai wadda roba ce ta yi mata jiki, ƙarfen kamar tsinken tsire. Ni sai da na sa aka ɓare min uku kafin na zaɓa, mai shagon yana ta harara.

Inda na sha wuya shi ne wajen kafawa. Mai waldar da na ɗauko yana zuwa ya dubi katangar ya ce, “Oga, ai aiki ya yi sauƙi. Mu huda dutsen mu ɗaure ƙarfen a jikinsa, ba sai an yi haƙa ba.” Ni ma kwaɗayin rage kuɗin siminti ya ja ni, na yarda. Huda ta biyu ake yi, girgizar injin ta sa wani dutse mai girman tukunyar biki ya zame, ya jawo 'yan'uwansa biyar suka zubo a kan kwamin latas. Allah ya kiyaye ƙafar yaronsa. Wani dattijo maƙwabcina da ke kallonmu ya ce, “Ɗana, wannan katanga nauyinta ne ke riƙe da ita. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka.” Rabin yinin nan wajen mayar da duwatsun ya tafi, kuma har yau wurin bai koma yadda yake ba.

Washegari muka sake dabara. Muka kafa turke a kowane ƙarshe, muka ja igiya miƙaƙƙiya, muka bar katangar ta yi ta lanƙwasarta. A inda ta fi yin ciki, tazarar taƙi ɗaya ce tsakaninta da igiyar, a wani wurin kuwa har ƙafa biyu. Ramukan ƙafa biyu-biyu muka so, turke kowane mita biyu da rabi, amma ƙasar ba ta san da wannan lissafi ba. Gindin katangar ya fi samanta faɗi, manyan duwatsun tushe sun miƙo ta ƙarƙashin ƙasa, diga na sauka sai ka ji ƙau. Ramuka huɗu dole muka gusar da su gaba ko baya. Wanda ya zo da tef zai ga tazarar ba daidai ba ce, amma ido ba ya kamawa.

Gangarar kuma hawa-hawa muka bi ta, kowane turaku uku a sauko da kusan taƙi ɗaya, a yanke ragar a sake ɗaurawa. A nan zan yaba wa mai waldar, turakun kusurwa ya yi musu tokara mai kyau, ya kuma ƙi ɗaura raga sai da kankaren ya kwana uku ana ba shi ruwa. Ya ja waya uku, sama da tsakiya da ƙasa, har yau raga ba ta saki ba. Buhun siminti uku muka ci, ni da na yi kasafin biyu.

Abin da ban hango ba shi ne lungun da ya rage tsakanin ragar da katangar. Ruwa na sauka ciyawa ta cika shi, fartanya ba ta shiga, hannu ma da ƙyar. A watan Agusta na tarar da saɓar maciji a rataye a jikin ragar, tun daga ranar yara ba sa zuwa ɗebo tumatir su kaɗai. Mai waldar ya ce a zuba kankare a toshe wurin, na ƙi, don ruwan gangaren ta tsakanin duwatsun nan yake tsiyayewa, in aka tare shi katangar zai tura. Tsakuwa na zuba baro shida, ta rage ciyawar sosai. Da yau zan sake, sai in matso da ragar ciki in bar hanyar da mutum zai bi da lauje, ko da zan rasa kunya ɗaya.

Manyan awaki dai sun haƙura. Ƙananan ne suka gano wani ɗan rami a ƙasan hawa na biyu, inda ragar ba ta taɓa ƙasa ba. Na toshe shi da biyu daga cikin duwatsun da suka zubo ran farko.