Sharhi: na'urar sarrafa fankar ɗakin aladu mai auna zafi da danshi

Na'urar akwati ce da ake kafawa a bango, da ma'aunai biyu, na zafi da na danshi, tana ƙara wa fankar fitar da iska gudu ko ta rage. Na yi aiki da ita a ɗakin aladu 100 na kiwon nama, kuma hukuncina shi ne ta cancanci saye, amma ma'aunin danshinta ba abin sakin jiki da shi ba ne.

Sai an san abin da aladu ke fitarwa kafin a gane amfaninta. Alade mai kilo 60 zuwa 100 yana fitar da zafi kusan wat 200. Guda 100 ke nan kilowat 20, kamar an kunna hita goma masu kilowat biyu-biyu dare da rana. Wannan zafi kashi biyu ne. Akwai wanda ke ɗumama iska kai tsaye, shi ma'aunin zafi ke gani. Akwai wanda ke fita a tururi, ta numfashi da ta fitsari da ruwan da ke bushewa a daɓe. A digiri 20, tururin ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku, wato kimanin giram 100 na ruwa kowace awa daga alade guda. A lissafa: lita 10 a awa, fiye da lita 200 a yini, duk a cikin iskar ɗaki ɗaya. Idan zafi ya doshi digiri 30 kuwa, abin ya wuce rabi, domin alade ba ya zufar kirki, da haki yake sanyaya jikinsa, ya kuma kwanta cikin jiƙa.

A nan na'urar ta fi irin wadda ke auna zafi kaɗai. Da daren sanyi, waccan tana ganin digiri 18 sai ta sauke fanka ƙasa, tururi ya taru. Da asuba ka tarar raɓa na ɗiga daga rufi, bango ya jiƙe sharkaf, zarni na yaji a ido, aladu na tari. Wannan kuwa da danshi ya haura inda aka saita mata sai ta ɗaga fanka ko da zafi bai hau ba. Ina saita ta a kashi 75 cikin 100, domin kada danshin ɗakin ya wuce haka. Mafi ƙarancin iskar da fanka za ta fitar kuma kusan kubik mita 15 a awa ga kowane babban alade, kada a yarda ya sauka ƙasa da haka. A lokacin zafi ana buƙatar kubik mita 100 ko fiye.

Sai dai akwai tarko. Ranar da ake ruwan sama, iskar waje kanta jiƙe take, fanka za ta yi ta gudu tana kwashe ɗumin ɗaki ba tare da danshin ya sauka ba. Dole a sa mata iyaka: ƙarin gudu saboda danshi ya tsaya idan zafin ɗaki ya faɗi digiri biyu ƙasa da wanda aka saita. Na'urar tana da wannan saiti, amma an binne shi can cikin jerin maɓallai, takardar bayanin kuma layi ɗaya ta ba shi. Wannan sakaci ne, musamman ga mai yayayyun 'ya'yan aladu da sanyi ke kayarwa nan da nan.

Babban aibinta ma'aunin danshi. Ƙura da amoniya, wato iskar zarnin fitsari, suna cin sa, bayan 'yan watanni ya fara ƙarya, kuma ba ya ba da wata alama. Gwajinsa ba wuya. A zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga ruwa har ya yi damshi ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin cikin roba marar huda na awa takwas zuwa kwana ɗaya. Ya kamata ya nuna 75. In ya kauce da fiye da biyar, a gyara saitin ko a canza shi. Kafin wanke ɗaki da ruwan matsi a cire shi ko a rufe shi, fesawa ɗaya ta isa ta kashe shi.

Wurin rataye ma'aunan ma yana da tasiri: tsakiyar ɗaki, dab da tsayin da aladu ba za su kai baki ba, nesa da kafar shigar iska da wurin shan ruwa. Kuma na'urar umarni kawai take bayarwa, ba ta san iskar da fanka ta fitar ba. Idan ƙura ta danƙare a fuka-fukan fanka da marfinta, za a iya asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta alhali allo na nuna komai lafiya. A goge su duk wata, a kuma haɗa ƙararrawar ɗaukewar wuta da batirinta daban, domin na'urar ba ta zo da ita ba.