Ciwon MS da magungunan antioksidan: wanne ya cancanci kuɗinka?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikrogiliya, waɗanda ke share matattun ƙwayoyi da tare cuta. A ciwon MS (multiple sclerosis), wanda ke cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, sukan harzuƙa su riƙa fitar da sinadarai masu lalata jijiya kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Nan 'yan kasuwa suka samu ƙofa. Kowace kwalbar maganin antioksidan, wato wanda ake cewa yana hana irin wannan lalatar, sai ka ga an rubuta tana kwantar da kumburin ƙwaƙwalwa, alhali galibin shaidar daga jikin ɓeraye aka samo ta.

Maganin da ya ci gwaji a jikin mutane sosai shi ne dimethyl fumarate, mai sunan kasuwa Tecfidera, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013. Yana tayar da wata hanyar kariya ta cikin ƙwayar jiki mai suna Nrf2, kuma a babban gwajinsa ya rage tashin ciwon da kusan rabi. Ana shan miligiram 240 sau biyu a rana. Sai dai yana jawo jan fuska da zafi, da murɗar ciki, yana kuma rage fararen ƙwayoyin jini, don haka dole likitan jijiyoyi ya riƙa duba jininka. Akwai nau'insa na wasu kamfanoni da ya fi araha. Tambayi likita a kansa.

Alpha lipoic acid ya ja hankali bayan wani ƙaramin gwaji a jihar Oregon ta Amurka a 2017, inda miligiram 1200 a rana ya rage saurin ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa. Mutum hamsin da ɗaya ne kacal. An kuma samu waɗanda ya taɓa musu ƙoda. Ni dai ba zan saye shi ba tare da gwajin fitsari ba.

NAC (N-acetylcysteine) yana da arha, asibitoci sun daɗe da saninsa wajen ceto wanda ya sha farasitamol fiye da kima, amma amfaninsa ga MS har yanzu ana kan gwaji.

Ƙwayoyin kurkum kuwa, hanji ba ya tsotsar su sosai. Tsantsar koren shayi mai ƙarfi ta taɓa hantar wasu. Idan a Najeriya za ka saya, duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ka kuma kai ta wurin likitanka ya gani kafin ka haɗa ta da maganin da kake sha.