Gargaɗi ga maharba tantabarar daji: a kiyayi mai sayar da "sirrin jeri"

'Yan'uwa maharba, akwai wani ɗan damfara da ke zagaya zaurukan farauta na intanet yana tallar kayan janyo tantabarun daji. Shafinsa ba ya daɗewa da suna ɗaya. Da an fara ƙorafi sai ya rufe ya buɗe wani, amma hajar ba ta canzawa: tantabarun roba dozin biyu, inji mai juya tantabaru don a ga kamar suna shawagi, da batirinsa, wata 'yar na'ura mai kukan tantabara, sai kuma abin da ya fi kururutawa, wata takarda da yake kira "sirrin jeri". Wai duk wanda ya jera robobin yadda aka zana a cikinta, tantabaru za su yi ta zubo masa a kowace gona, a kowace rana.

Wannan alƙawari kaɗai ya isa ya tona masa asiri a wurin wanda ya taɓa wuni a maɓoya. Tantabara iska take fuskanta in za ta sauka, don haka iskar ranar ce ke tsara jeri, ba takarda ba. Maharbi kan zauna iska tana bugun bayansa ko kafaɗarsa, ya jera robobin a siffar harafin U, bakin yana buɗe ta wajen da iskar ta nufa, domin ta nan tsuntsayen za su shigo. Tsakiya a bar ta fili, kamar taku 25 zuwa 30 daga maɓoya, inda harbi zai kashe nan take maimakon ya raunata tsuntsu ya tafi ya mutu a wahale. Kawunan robobin galibi suna kallon iska, amma ba a miƙe sambal kamar sojoji a fareti ba. A karkata wannan, a nisanta wancan, a ba su tazara, don garken da ke kiwo hankali kwance ba ya cunkushewa. In iska ta juya da rana tsaka, dole ka tashi ka sake jerin. Ina takardar da aka buga tun bara za ta san haka?

Kafin jerin ma akwai aikin da ya fi shi nauyi, wato gano hanyar da tantabarun suke bi daga makwancinsu zuwa wurin kiwo, da gonar da suke ci a wannan makon. Wanda ya kafa maɓoya nesa da wannan hanya, ko robobi ɗari ya zuba, kallon sama zai wuni yana yi. Ita kuwa siffar U ba sirrin kowa ba ce, tsofaffin maharba kyauta suke nuna wa yara ita. Abin da ke ci mini rai shi ne sababbin shiga yake nema, waɗanda ba su da mai nuna musu, kuma in abin ya ƙi sai su zargi kansu.

Da yawan waɗanda suka biya ba su ga komai ba. Waɗanda aka aiko wa kuwa, gara ma ba a aiko ba. Robar kirki ana lulluɓe ta da wani laushin gashi-gashi ko fenti marar ƙyalli, kuma ana fito da farin da ke wuyan tantabarar daji da na fikafikanta, don shi 'yan'uwanta ke hangowa daga sama. Tasa tana sheƙi, fentin yana ɓarewa in ka karce da farce, wasu ma ba sandar da za a kafa su. Rana na haska su za ka ga tantabara ta miƙo, ta zo daf, sai ta yi kwana ta bar wurin. Injin gaske batir mai bolt 12 ke juya shi, kuma yana ɗaukar matattun tantabaru biyu a hannayensa. Nasa da ka ɗora masa guda sai hannun ya lanƙwashe, injin ya tsaya.

Na'urar kukan ita ce mafi haɗari, domin tana iya kai mutum gaban alƙali. A Birtaniya, inda ake yawan wannan farauta, dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta amfani da sautin da aka naɗa don janyo tsuntsu a kashe shi, ta kuma haramta ɗaure tsuntsu mai rai a yi tarko da shi. A Ingila harbin tantabarar daji yana ƙarƙashin lasisi na bai ɗaya ne, wato izinin hukuma da ba sai mutum ya nemi nasa ba, da sharuɗɗansa, saboda ɓarnar da take yi wa amfanin gona, kuma sai da izinin mai gonar. Shi wannan mutum ko sau ɗaya bai ambaci doka ba. Kowa ya binciki dokar ƙasar da yake kafin ya sayi irin wannan abu.

A wajen biya ne halinsa ke fitowa sarai. Zai ce saura biyu, wani ma yana jira, a yi maza. Ba ya karɓar biyan da ke da kariya ga mai saye. Ko dai a tura kai tsaye asusun banki, ko a bi ta manhajar biyan kuɗi ta PayPal amma a zaɓi hanyar 'yan'uwa da abokai, wadda ba ta da kariyar ciniki. Hotunansa na tulin tantabaru a gaban maɓoya na sata ne. Ka saka ɗaya a manhajar binciken hoto, za ka gan shi a shafukan wasu tun da daɗewa. Ka ce ya ɗauko bidiyon injin yana juyawa, da takarda a gefe ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar. Daga nan za ka ji shiru, ko ya toshe ka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau, kada ya bari sai gobe. Ya ɗauki hoton hirarsu da lambar asusun da shaidar biya kafin shafin ya ɓace, ya kai wa 'yan sanda, ya kuma sanar da masu kula da zauren da ya ga tallar don su cire ta su faɗakar da sauran mambobi.