Ina Za Ka Kai Dutsen Zinarenka? Shawara Ga Mai Buhu Kaɗan a Jos

Mutumin Jos da wankin ƙasa sun daɗe tare. Tun farkon shekarun 1900 da aka buɗe filayen kuza, garin nan da Bukuru suka tashi a kan rami da ƙwarya, shi ya sa har yau ba a rasa wanda ya iya raba abu mai nauyi da yashi. Sai dai zinare ba kuza ba ne, kuma yawancin dutsen da ke zuwa hannun masu sha'awa irina daga waje yake fitowa: wajen Minna da Kagara a Neja, Birnin Gwari, Yawuri, Anka da Maru. Wanda nake wa magana shi ne ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ya tara buhu biyar ko goma, yana son ya ga abin da ke ciki ba tare da an cuce shi ba.

A fara da lissafi. Buhu 20 masu kilo 50 ne tan ɗaya. In dutsenka yana ɗauke da giram 5 a kowane tan, kuma wannan ba mummunan dutse ba ne, to buhu guda rubu'in giram ne a cikinsa, buhu goma giram biyu da rabi, kuma ba duka za ka iya fitarwa ba. Duk hanyar da za ka zaɓa, ka auna kuɗinta da wannan.

Hanyar da kowa zai fara nuna maka ita ce ta mai injin niƙa da ke aiki da zaiba, wato makuri. Ka kai buhu, a niƙe, a cuɗa da zaiba, a matse a ƙyalle, a ƙone, a miƙo maka ɗan dunƙule kafin la'asar. Sauri kam akwai. Amma hayaƙin da ke tashi lokacin ƙonawa guba ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, yana sa karkarwar hannu, ya fi yi wa mai ciki da ƙananan yara illa, kuma saboda shi aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 wadda Najeriya ke cikinta. Ban da lafiya, akwai abin da ya fi ƙona mini rai. Zaiba ba ta kama duk zinaren, musamman mai laushi ƙwarai, sauran yana bin laka. Na taɓa kai dutse wani wurin niƙa, kuɗin aikinsu ƙasa da na kowa, da aka gama na nemi a kwashe mini lakar, sai mai wurin ya ce, "Haba Alhaji, me za ka yi da taɓo? Bar shi yara su share." Wannan taɓon shi ne ribarsa. Yana tara na kowa, in ya yi tsibi ya sayar wa masu jiƙo da sayanaid, wato sinadari mai guba da ke narkar da zinare daga laka. Araha ba ta ado, kuma tun daga nan tambayata ta farko a ko'ina ita ce: lakar ta waye bayan an gama?

Sayanaid yana tsamo kusan komai, amma aikin masu tan-tan ne da suka san sinadari, kuskure kaɗan yana sakin iskar da ke kashe mutum nan take, kada ka kusance shi a gida. Manyan matatun zinare kuwa ƙarfe suke karɓa, ba dutse ba. Sayar wa dillali da dutsen ɗanye shi ne mafi sauƙi kuma mafi asara, domin shi ya san abin da yake saye, kai ba ka san abin da kake sayarwa ba.

Abin da na fi so, kuma nake ba kowa shawara a kai, shi ne gwaji tukuna, sannan niƙa da ruwa, wanki da nauyi, a ƙarshe narkewa da boraks, wani farin garin sinadari. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ɗebi dutse daga saman kowane buhu da tsakiya da ƙasa, a farfasa, a gauraya sosai, a raba uku. Kashi ɗaya ya tafi ɗakin gwaje-gwaje guda, na biyu ya tafi wani daban, na uku ka kulle a gida. A nan Jos akwai cibiyar binciken ƙarafa ta NMDC da cibiyar NIMG mai koyar da haƙar ma'adinai, a Kaduna kuma akwai babban ɗakin gwaji na hukumar binciken ma'adinai ta NGSA, duk wurare ne da za ka fara tambaya. Ka nemi gwajin wuta, wanda ake narka giram 30 ko 50 na garin dutsen har a fitar da ɗan ƙwayar zinare a auna. Na'urar XRF ta hannu, wadda ake haska abu da ita ta nuna ƙarafan da ke ciki, tana da amfani a kan ƙarfe, amma a kan dutsen da zinarensa giram kaɗan ne a tan, lambar da za ta nuna ba abin dogaro ba ce. Ka kuma biya a duba maka dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Neja. Don haka ba a busasshen niƙa, ba a niƙa a gida, ba a taɓa injin da ake niƙa hatsi, kuma tufafin aiki ba sa shiga ɗaki.

In takardar gwaji ta nuna aikin zai biya kansa, sai ka nemi mai injin da ke niƙa da ruwa, ka biya shi kuɗin niƙa kawai, ka sa a wanke injin a gabanka kafin a zuba naka da kuma bayan an gama, ka kwashe komai har ruwan dauɗar. Sauran aikin nauyi ne ke yin sa. Zinare ya fi ruwa nauyi sau 19.3, farin dutsen da yake ciki bai kai sau 3 ba. Kowane mai walda a Bukuru zai iya haɗa maka akwatin wanki, wato doguwar mazurara da ruwa ke bi da laka, ka shimfiɗa kafet ko bargo a ciki, ka ɗan karkata shi, ka saki ruwa a hankali. Masu gaggawa su ne ke kora zinarensu da ruwa mai ƙarfi. Ka riƙa ɗauraye kafet ɗin a baho akai-akai kafin ya cika da yashi. Abin da ya taru a bahon sai ƙwarya ko faranti, da ɗigon sabulun ruwa domin kada mai laushin ya yi iyo ya fice, sannan maganaɗisu a cikin leda ya ɗauke baƙin yashi. Wanda ya samu tebur mai girgiza na ruwa ya huta, sai dai in na masu kuza ne, a tsaftace shi sosai. Garin da ya rage a busar, a haɗa da boraks kwatankwacin yawansa ko fiye, a kai wa maƙerin zinare ya narka a fili inda iska ke kaɗawa. Zinare na narkewa a digiri 1064 na ma'aunin Celsius, boraks yana narkar da dattin ya taso sama, ƙwayar ta zauna a ƙasan kasko.

Hanyar nan tana cin lokaci, kuma ba ta fitar da zinaren da ke kulle cikin duwatsu masu ƙibiritu. Amma lakar tana hannunka. Ka sake kai kaɗan gwaji, in akwai saura ka sayar wa masu jiƙo da takarda a hannu, a kan farashin da ka sani.

Maganar doka kada ta wuce ka. Ma'adinai mallakar gwamnatin tarayya ne, dokar 2007 ba ta ware mai yi don sha'awa ba, lasisin haƙa daga ofishin Mining Cadastre na Abuja yake fitowa, riƙewa da sayen ma'adinai ma suna da nasu izini daga ma'aikatar ma'adinai. Tun 2024 akwai dakaru na musamman daga jami'an Sibil Difens masu kama masu haƙa ba izini. Shiga ƙungiyar masu haƙa mai rajista ya fi wa mai buhu kaɗan sauƙi.

'Yan damfara kuwa sun fi zinaren yawa. Akwai mai barbaɗa ƙurar zinare a bakin buhu, ya ɗebo daga nan ya wanke a gabanka. Akwai mai ɓoye ta a farce ko a tokar sigari ya sake ta cikin ƙwarya. Kada ka bari mai sayarwa ya ɗebi samfur, kada ka bari ya riƙe ƙwarya, kada ka yi amfani da ruwansa, kuma kada ka karɓi takardar gwajin da ya zo da ita ko da hatimi goma ne a kanta. Zuwa da kai ya fi aike. Dutse mai ƙyallin rawaya da ake kawo wa sababbi, buga shi da guduma: in ya dagargaje ya zama baƙin gari, ba zinare ba ne, shi zinare bajewa yake. Garin tagulla da ake gogowa a haɗa da yashi, ɗigon asid na maƙera yana mai da shi kore yana tafasa, zinare ko gezau. Wanda ya ce maka yana da ruwan magani daga ƙasar waje mai jawo zinare daga kowane dutse, ko ya nemi kuɗin sinadari kafin aiki, ko ya ce a bar masa buhunan ka dawo jibi, tashi ka bar wurin. Haka wanda ya matsa maka cewa wani Alhaji daga Abuja yana hanya da kuɗi a mota.

Ranar sayarwa ma ba a sakankancewa. Ka je da ƙaramin sikelinka mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ka duba farashin ranar a intanet, ka tuna oza ɗaya ta zinare, awon da ake faɗin farashin da shi, giram 31.1 ce. Zinaren da aka haƙo yakan zo da azurfa a jikinsa, don haka mai saye zai rage maka a kan tsafta, wannan daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne ya shiga da ƙwayar ɗakin ciki don gwaji. A auna ta a iska, a auna ta a ruwa, a yi lissafin tsaftarta a gabanka, kuma ka ji bakin masu saye biyu kafin ka sallama.