Endless Duel ko Cyberbots: wanne za ku fara kai da ƙanenka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai gari ya waye don kada in ba ka amsar mai jin barci. Ka ce kun sayi pad biyu kai da ƙanenka, kuna neman tsohon gem na faɗa wanda manyan mutum-mutumin ƙarfe irin na katun ɗin Japan ke gwabzawa a cikinsa, an ambata maka Gundam Wing: Endless Duel da Cyberbots, kana son sanin wanda za ku fara. Duka biyun na buga su har babban yatsana ya yi kanta.

A ido kamar wa da ƙane suke. Cyberbots ya fito a 1995, Endless Duel a 1996. Dukansu zane ne da ake kallo daga gefe irin na Street Fighter II, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma dukansu maɓalli huɗu ake bugawa da su. Amma ba gida ɗaya suka tashi ba. Kamfanin Capcom ya yi Cyberbots don gidajen gem na Japan da Amurka, irin akwatin nan na tsaye da ake jefa wa tsaba, a kan injin CPS-2 wanda Darkstalkers da Street Fighter Alpha ke gudu a kansa. Sai a 1997 aka kai shi na'urorin gem na gida, Sega Saturn da PlayStation, nan ma a Japan kaɗai. Shi kuwa Endless Duel ɗan ɗaki ne tun haihuwa: Natsume ta ƙera wa Bandai shi a kaset na Super Famicom, wato na'urar SNES ta Nintendo kamar yadda ake kiranta a Japan, ya fito a watan Maris na 1996, watan da katun ɗin Gundam Wing mai kashi 49 ya ƙare a talabijin. A lokacin PlayStation ta fi shekara a kasuwa, Super Famicom ta tsufa, amma masu yi mata gem sun riga sun san ta ciki da bai. Shi ya sa in ka ga girman mutum-mutumin a allo da saurin da suke yi, sai ka yi ta mamakin wai wannan tsohuwar na'urar ce ke ɗauke da su.

Inda suka rabu da gaske shi ne abin da hankalinka ke kansa lokacin faɗa.

A Endless Duel idonka na kan wata lamba. Ban da layin rai, kowa na da mitar ƙarfi da ke farawa daga 300. Duk wani bugu na musamman daga cikinta yake ci, har ƙananan bindigogin da ke kan mutum-mutumin, waɗanda ke fita idan kuna nesa da juna. Babban bugun ƙarshe shi kaɗai 200 yake lashewa. Mitar kati ce ta gidan haya: in ka kunna komai lokaci guda, kafin ka ankara ta fara ƙara. Hanyar mayar da ita kuwa ita ce ka shiga jikin abokin faɗa ka doke shi, ko ka tare dukansa. Wannan ƙa'idar kaɗai ta hana gem ɗin zama wasan jifa daga nesa. Ranar da na fara gane haka da mutum-mutumin Heavyarms nake, wanda hannunsa na hagu bindiga ce mai jigida, ƙirjinsa da kafaɗunsa duk makamai. Na koma lungu ina ta ɓarin wuta ina dariya, ɗan yayata yana durƙushe yana tarewa bai ce uffan ba. Ashe kowane harsashi da ya tare mitarsa yake cikawa, tawa tana tsiyayewa. Da na duba na ga saura abin da bai kai a kira shi lamba ba, sai ga shi ya taso da Shenlong, hannun nan mai kan maciji ya miƙo daga tsakiyar allo ya cafke ni. Ban sake taɓa ƙasa da ƙafa biyu ba har aka tashi.

Ga kuma sama. A Endless Duel rabin faɗan a iska ake yinsa. Akwai tsalle kan tsalle, akwai tsayawa a sama na ɗan lokaci da wutar roket ɗin baya, akwai tare duka kana sama, har ma kana iya matsowa gaba da gudu alhali garkuwarka na ɗage. Maɓallan biyu na naushi ne, biyu na makami, kowanne da mai sauƙi da mai ƙarfi, kuma suna haɗuwa da juna ba tare da wahala ba. Yaro ma in ya danna su a jere zai ga duka uku huɗu sun fita. Sai dai duk da sunan ƙarfe ne, jikinsu ba nauyi. In ka cire hoton ka sa mutane, gem ɗin ba zai canza sosai ba.

Cyberbots ba haka ba ne. Shi ba ya barinka ka manta cewa inji kake tuƙawa. Maɓalli biyu ne kawai na duka, na uku na makamin kafaɗa, na huɗu na roket. Makamin in ka harba sai ka jira ya dawo hayyacinsa. Roket ɗin ma da mitarsa, in ka cinye ta a sama za ka faɗo tim kamar buhun siminti. Idan biyu suka yi karo kana jin ƙarar ƙarfe, tartsatsi na tashi, gutsattsari na zuba.

Sannan ga abin da ya sa har yau nake komawa gare shi: hannu yana cirewa. Hannun mutum-mutuminka na da nasa ma'aunin, in ya sha duka da yawa, ko aka kama ka aka fizga, sai ka gan shi ya yi tsalle ya faɗi can gefe. Daga nan yawancin dukanka na musamman sun tafi, ka zama ɗan damben da zaren hannunsa ya warware ana tsakiyar turmi. Dole ka je ka ɗauko abinka. Shi kuma abokin faɗa ya san inda za ka, don hannun na kwance a fili kowa na kallo, sai ya je ya tsaya a kansa yana jiranka. Wannan 'yan daƙiƙun, kai kana zagaye kana neman kafa, shi yana gadin hannunka kamar mai gadin kasuwa, babu irinsu a Endless Duel, kuma ban gan su a wani gem ɗin faɗa na zamanin ba. A ɗakinmu duk wanda hannunsa ya faɗi sai an yi masa ihu, ko da shi ne ya ci wasan daga baya.

Wannan dabarar gado ce. Cyberbots ɗan Armored Warriors ne, gem ɗin Capcom na 1994 wanda ake tafiya ana dukan abokan gaba rututu, kana tsintar hannu da ƙafa da bindigar wanda ka farfasa kana ɗaura wa naka. Daga can aka kwaso sassan. Shi ya sa mutum-mutumi 12 da ake zaɓa a Cyberbots asalinsu gida huɗu ne, Blodia da Reptos da Fordy da Guldin, kowane gida da 'ya'ya uku, an sauya musu hannu da ƙafa da makami. Wani na tafiya da ƙafa biyu, wani da sarƙar tankar yaƙi, Tarantula kuma da ƙafafun gizo-gizo. Amfanin haka shi ne zaɓi da yawa. Illarsa kuma, a makon farko za ka riƙa rikita su, don wasu ƙirjinsu ɗaya, launi da ƙafa kawai suka bambanta.

Nan Endless Duel ya yi masa fintinkau. Tara ne kawai ake zaɓa, sai Epyon na goma wanda shi ne bos, wato babban abokin gaba na ƙarshe, amma ko daga bakin ƙofa ka hango allo ka san waye waye. Deathscythe baƙi ne da lauje mai harshen haske. Sandrock na riƙe da takubba biyu masu lanƙwasa. Wing da Wing Zero da doguwar bindigarsu. Tallgeese fari da garkuwa. Mercurius ja mai faya-fayan kariya da ke shawagi kewaye da shi, abokin tafiyarsa Vayeate shuɗi mai igwa. Epyon ko bindiga ba ya ɗauka, bulala ce da takobi. Ƙanenka zai zaɓi nasa a daren farko ya ce wannan nawa ne, kada wanda ya taɓa.

Sai dai a nan ne kuma matsalarsa take. Ba a daidaita ƙarfinsu ba. Deathscythe a hannun wanda ya iya shi zalunci ne tsagwaronsa, yana da jerin dukan da in ya fara sai ka ajiye pad ka sha ruwa. Wing Zero ma ba baya ba. Epyon kuwa, wanda ake buɗewa da lambar sirri, ba a yi shi don wasan mutum biyu ba. Mu dokar da muka kafa ita ce babu Epyon sam, kuma wanda ya ci sau uku a jere da Deathscythe dole ya sauya. In ba ku yi irin wannan yarjejeniyar ba, ranar da ɗayanku ya gano lagon, ɗayan zai daina zuwa. Cyberbots ma na da nasa bos-bos ɗin masu ƙarfin tsiya, irin su Warlock da Super-8 mai siffar dorinar ruwa, amma tsakanin goma sha biyun nan na yau da kullum ban taɓa jin an zalunce ni kamar yadda lauje ya zalunce ni ba.

Maganar labari gajera ce. A Cyberbots matuƙi daban ake zaɓa, mutum-mutumi daban. Matuƙin ba ya ƙara maka ƙarfi ko sauri, labarin da za ka bi kawai yake sauyawa, da hirarraki tsakanin faɗa da faɗa, da zanen fuskoki masu kyau na Kinu Nishimura. Jin Saotome, mai farin gyale da ihu, daga nan ya fito kafin a san shi a Marvel vs. Capcom na 1998. Endless Duel ya ɗauka ka riga ka kalli katun ɗin. Matuƙan, su Heero da Duo da Trowa da Quatre da Wufei, za su yi 'yar magana bayan faɗa, shi ke nan. In ba ka san su ba, ba abin da za ka rasa a wasan, amma ba abin da za ka ƙaru da shi game da su.

Batun samu kuma Cyberbots ne a gaba. Yana cikin Capcom Fighting Collection da ya fito a 2022 a PS4 da Xbox One da Switch da kwamfuta, da Turanci, da wurin atisaye, da damar bugawa ta intanet. Na gidan gem ne aka sa, don haka ba za ka ga Zero Gouki ba, mutum-mutumin Akuma na Street Fighter da aka ƙara a na Saturn da PlayStation. Endless Duel bai taɓa fita daga Japan ba. Lokacin da katun ɗin ya isa talabijin ɗin Amurka a shekarar 2000 ya yi farin jini, SNES ta riga ta zama tarihi, babu mai buga mata sabon kaset. Yawancin waɗanda suka san shi a wajen Japan ta manhajar kwaikwayon tsofaffin na'urori suka san shi, daga baya masoyansa suka fassara shi zuwa Turanci da kansu. Rubutun Japananci bai hana wasa ba, zaɓin farko-farkon ma da haruffan boko aka rubuta su.

Tunda pad kuka saya, kun tsira daga abin da na sha. Na taɓa gwada Endless Duel a waya da maɓallan kan gilashi, kwata-kwata bugun da ake murza ƙasa zuwa gaba ya ƙi fita, sai tsalle nake ta yi kamar fara. Ku dai duba maɓallin nan mai siffar gicciye na pad ɗin. In mai tauri ne irin na arha, Cyberbots zai fi yi muku sauƙi, don shi yawan aikinsa na kan roket da sanin tazara, ba saurin yatsa ba.

To wanne? Ku fara da Endless Duel. Dalilina shi ne ku biyu ne, kuma sababbi. A daren farko za ku ji kun iya wani abu, kowa zai samu gwaninsa, mitar 300 ɗin nan kuma za ta koya muku lissafi ba tare da kowa ya yi muku lacca ba. Cyberbots yana buƙatar haƙurin kwana uku huɗu kafin ya buɗe, don da farko za ka ji kamar mutum-mutumin ba ya jin magana, sai ka saba da roket ɗin sannan ka ga ashe kai ne ba ka iya tuƙi ba. Amma in da kai kaɗai ne, ko kuma abin da ke ranka shi ne jin nauyin ƙarfe a hannu, da Cyberbots zan tura ka ba tare da na yi dogon bayani ba. Ni kaina yau shi na fi kunnawa.

Wani a ƙasan tambayarka ya ambaci Tech Romancer. Shi ma na Capcom ne, 1998 a gidan gem, 2000 a na'urar Sega Dreamcast, Shoji Kawamori na cikin waɗanda suka zana mutum-mutuminsa, kuma Jin da Blodia na ɓoye a cikin na Dreamcast ɗin. Amma shi fili ne mai zurfi da ake zagayawa ana rusa gine-gine ana tsintar makamai, wani wasa ne daban. Ku bar shi sai kun gama rigimar waye zai riƙe Deathscythe.